Kakanni Goma Sha Tara, Babu Shaida Ko Ɗaya

Ranar Asabar ɗin da ta wuce a Mamudo na wuni, wajen addu'ar bakwai ta Gwaggo, yayar mahaifina. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Ta yi tsawon rai har ta ga tattaɓa-kunne, don haka zaman ya fi kama da taron zumunci a kan zaman makoki. An zo daga Damaturu, an zo daga Azare da Gombe, wasu ma rabona da su tun ina saurayi. Bayan la'asar, an shafa fatiha, mutane sun fara laluben takalma, sai ga wani ɗan wana, yaro mai hankali da ya gama digiri bara, ya fito da wani abu a naɗe kamar tabarma. Ya kira yara biyu suka kama masa, aka warware a jikin katangar zaure. Ƙatuwar fosta ce ta leda, irin wadda 'yan siyasa ke kafawa a shataletale, an buga ta a Potiskum da kore da ruwan zinare. A sama ga sunan gidanmu da manyan baƙaƙe. A ƙasa ga bishiya, reshe bisa reshe, kakanni goma sha tara a jere, na can ƙarshe an rubuta a gefensa cewa daga Yaman ya taso.

Nan da nan wuri ya kaure da masha Allah. Kowa ya zaro waya. Masu Damaturu suka jera a gaban fostar ana ɗaukarsu hoto, wani yana nuna reshensa da ɗan yatsa kamar ya ci zaɓe.

Na bari hayaniya ta lafa, na jawo yaron gefe. Na nuna masa suna na goma sha biyu, na ce, "Wannan wa ya faɗa maka shi?" Ya ce, "Baffa, ai sananne ne." Na ce na ji, a bakin wa ka ji? Ya sosa ƙeya ya ce yana jin wani ɗan'uwanmu na Gombe ne ya turo masa. Shi kuma a ina ya samu? "An ce a wani littafi ne." Wane littafi? Shiru. Muna cikin haka sai Baffa, ƙanen mahaifina, wanda shi kaɗai ya rage a mazan ɗakinsu, ya dogaro sanda ya iso. Idonsa ya yi rauni, sai ya ce a karanta masa daga ƙasa. Ana zuwa na huɗu da na biyar ya ɗaga hannu. Ya ce, "Kai, ku tsaya. Waɗannan ai mutum ɗaya ne." Ashe ɗaya sunan yanka ne, ɗayan kuma laƙabin da matan gida suka raɗa masa saboda alkunya, don yana da wani farin doki. Yaro ya ji sunan yanka a bakin maza, ya ji laƙabi a bakin mata, ya ɗora wannan a kan wancan, mutum ya wayi gari ya haifi kansa. In tun a hawa na huɗu tsani ya karye, ina labarin na goma sha tara?

Wani abin da babu wanda ya lura da shi sai wata jikar Gwaggo, yarinya 'yar sakandare. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce ita ba ta ga sunan kakarta ba. Gaskiyarta. Babu sunan mace ko ɗaya a duk faɗin ledar nan, har da wadda muka taru dominta, wadda rabin sunayen da ke jiki daga bakinta aka fara jin su.

To, wanzami ba ya son jarfa, amma yau dole in miƙa tawa fuskar. Abin da ya hana ni barci a daren nan laifina ne, ya fi na yaron girma nesa ba kusa ba.

A 2009 na yi kwana uku a Mamudo musamman don in zauna da Gwaggo. Lokacin da sauran ƙarfinta, tana iya kai sha biyun dare tana zuba, goro a kumatu, fitilar ƙwai a tsakaninmu. Na tafi da littafin rubutu irin na 'yan firamare, mai shafi arba'in, na cika shi taf. Na dawo gida ina jin na yi abin kai. Bayan wata biyu na haɗu da Baffa a wajen wani ɗaurin aure, ya ba ni nasa labarin, wanda ya saɓa wa na Gwaggo a wurare da dama, na ɗauko littafin nan na cusa maganarsa a gefen shafi da tsakanin layuka, da biro iri ɗaya, shuɗi. Daga baya na ci karo da wasu bayanai a littafin wani Bature, su ma na zuba su ciki, da biron nan dai. Daren Asabar da na koma gida na tono littafin daga ƙasan akwati, da niyyar in gyara wa yaro fostarsa in nuna masa yadda manya ke aiki. Na buɗe shafi na bakwai na tarar na rubuta: "Sun taso daga gabas shekarar fara, su uku, ɗaya ya tsaya a hanya." Babu kwanan wata. Babu sunan wanda ya faɗa. A ƙasa kaɗan kuma na rubuta: "Su biyu ne, kuma yaƙi ya koro su." Wanne ne na Gwaggo, wanne ne na Baffa, wanne ne na Bature? Wallahi na fi awa ina juya takardar, har da kai ta gaban fitila ko kaurin tawada zai raba mini gardama. Kaset ɗin da na naɗa a dare na biyu kuwa, tun tuni wani a gida ya naɗi wa'azi a kansa, domin ban rubuta komai a jikinsa ba. Wadda za ta warware mini a numfashi ɗaya, kwananta bakwai a ƙasa.

Ni da na yi shekaru ina rubuce-rubucen faɗa a kan 'yan jaridar da ke rubuta "wata majiya ta ce", ga ni da shafi arba'in na wata majiya ta ce.

Abin takaicin shi ne ba baƙon ilimi ake nema a wurinmu ba. Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami ya ji isnadi. Malaman hadisi ba su karɓar magana sai an jero wane daga wane daga wane, har sun bambanta wanda ya ce "na ji da kunnena" da wanda ya ce "an ba mu labari" da wanda ya ce "daga wane" kawai, sun kuma ba kowane irin yankewar sarƙa sunansa. Mutum zai yi tafiyar wata guda a kan raƙumi don ya ji magana ɗaya daga bakin mai ita. A nan ƙasar ma, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya rubuta ɗan littafi, Ida'un Nusukhi, don kawai ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu, da littafin da ya karanta gun kowanne, da dangantakar da ke tsakaninsa da su. Yau in wani ya tashi a masallacin unguwa ya kawo hadisi, kafin ya zauna yaro ɗan Islamiyya zai tare shi da wa ya ruwaito. Amma a zo maganar kakanninmu, sai mu kwance wannan ɗamara mu rataye, duk abin da aka turo a waya mu ce masha Allah.

Bari in taɓo Yaman ɗin nan. Sarakunan Borno na da, Saifawa, sun danganta kansu da Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman. Bolawa suna da labarin tasowa daga Yaman. Daura tana da Bayajidda na Bagadaza, wasu kuma Kisra suke kira. Ban raina ko ɗaya ba, labaran al'umma ne masu daraja, kuma akwai abin da suke faɗa game da yadda mutane ke kallon kansu. Amma a yi lissafi mana. A ba kowane kaka shekara 30 tsakaninsa da ɗansa, an yi masa adalci. Goma sha tara sau talatin, 570 ke nan, wato da ƙyar ka taɓo tsakiyar ƙarni na 15, kuma ka tuna ba mu ma cire mai farin doki ba. Shi kuwa Saifu a ƙarni na 6 ya rayu, kafin Musulunci ya bayyana. Ina sauran shekara ɗari tara? Fosta ta tsallake su kamar an tsallake kwata.

Akwai kuma wata cuta da ba a cika lura da ita ba. H. R. Palmer, wanda ya yi Razdan a Borno kafin ya zama Laftanar Gwamnan Arewa, ya tattara girgam, wato jerin sunayen sarakuna, da mahram, wato takardun gata na sarakuna, da labaran baka, ya buga su a Sudanese Memoirs a 1928, haɗe da nasa hasashe mai yawa a kan wa ya fito daga ina. Malaman makaranta suka karanta, suka koya wa yara, yara suka koma gida suka faɗa a tsakar gida. Bayan shekara hamsin sai ka je wurin tsoho da rikoda, ya kishingiɗa ya ba ka Palmer tsaf, kai kuma ka rubuta cewa ka samo daga bakin magabata. Maganinta tambaya ɗaya ce, wadda ban yi wa Gwaggo ba ko sau ɗaya a kwana ukun nan: "Gwaggo, ke kuma wa ya gaya miki?" Da ta ce kakarta, wadda ta ga zamanin Rabe da idonta, tsakanin 1893 da 1900, to magana ta yi nauyi. Da ta ce ɗanta malamin firamare, ita ma amsa ce, sai a rubuta a san inda aka ajiye ta. Dubi bambanci da Imam Ahmad ɗan Fartuwa, limamin Mai Idris Alauma, da ya ambaci Ngizim a littafin yaƙe-yaƙen Mai na 1576: an san marubuci, an san shekara, an san kuma a ɓangaren wa yake tsaye, saboda haka mai karatu ya san gishirin da zai rage.

Ranar Lahadi na shiga kasuwa na sayi rajista mai bangon katako, irin ta kiran suna a makaranta, da biro uku, shuɗi da baƙi da ja. Na kira yaron na ce ya zo mu sake lale. Ƙa'idar da na gindaya masa, na gindaya wa kaina, ba ta da yawa. Kowane zama da shafinsa, ba a gwama bakin mutum biyu a shafi ɗaya ko da takarda za ta ƙare. Kafin a rubuta kalma ɗaya ta labari, a saman shafi a sa ranar, ta boko da ta Hijira, da garin, da gidan, da cikakken sunan mai magana da laƙabinsa, da yadda yake da wanda ake magana a kansa. A sa har waɗanda ke zaune a wurin, domin abin da tsohuwa za ta faɗa gaban surukinta daban, wanda za ta faɗa in an watse daban. Abin da ya fito daga bakin mai magana da shuɗi. Abin da aka kwafo daga takarda da baƙi, tare da sunan takardar da lambar shafi da hannun wanda take. Ja kuwa nawa ne, na zato da tambaya da "anya kuwa", don kada wata rana jikana ya ɗauki tunanina ya jingina wa Baffa. Sannan a gaban kowace magana a sa ɗaya daga cikin uku: ya gani, ya ji daga wanda ya gani, ko an ce.

In bakin biyu suka saɓa, kada a yi musu sulhu. Mu Hausawa da maƙwabtanmu akwai son a daidaita, a ce su uku ne ko su biyu, to a bar shi a biyu da rabi kowa ya ji daɗi. A'a. Su uku a shafin Gwaggo, su biyu a shafin Baffa, a ja layi ja a ce duba shafi kaza. Wata rana takardar gona ko bakin wata tsohuwa a Fika ko Nangere zai raba gardamar, in kuma bai raba ba, saɓanin ma gado ne.

Tsofaffinmu ba su ƙirga shekara da lamba, da abin da ya faru suke ƙirgawa, kuma nan ne mai rubutu ke yawan yin ɓarna da gaggawa. In aka ce an haifi wane shekarar da Sarkin Fika ya dawo da zama Potiskum, ka samu 1924. Zuwan Sarauniya 1956, kashe Sardauna Janairun 1966, canjin hannu a titi 1972, shigar yara makarantar UPE 1976, ƙirƙiro Jihar Yobe Agustan 1991. Amma in tsohuwa ta ce shekarar canjin kuɗi, kada ka yi caraf ka rubuta 1973. Tambaye ta: wanda aka bar fam da sule aka koma naira, ko na Buhari na 1984 da aka sauya launi aka rufe iyaka? Shekara goma sha ɗaya ce a tsakani, ta isa ta mai da wa ƙane. Ka fara rubuta abin da ta faɗa da lafazinta, lissafinka ya biyo baya da jan biro. Haka in magana ta yi daɗi ta juya Ngizimanci ko Bolanci ko Karai-karai, kamar yadda Gwaggo kan yi in ta zo kirarin kakanta, a rubuta da harshen yadda kunne ya ji, fassara ta zo a ƙasa. Ni a 2009 Hausa na mayar da komai nan take, kirarin ya tafi da ita. Ga shi kuwa Bature Russell Schuh, wanda ya zauna a Potiskum a wajen 1969 yana nazarin Ngizimanci, shi da Alhaji Maina Gimba sun yi wa harsunan Yobe ƙamus-ƙamus, har da yadda za a rubuta su. Uzurin cewa harshen ba ya rubutuwa ya ƙare.

Su kuma takardu, kowane gida yana da su, raina su kawai ake yi. Rasit ɗin haraji da na jangali na zamanin En'e, takardar cinikin gona da ajami mai sunayen shaidu, fasfon aikin Hajji, littafin sallama na wanda ya yi soja, katin awo na asibiti, bayan bangon Alƙur'ani inda malam kan rubuta ranar da aka yi masa haihuwa. Baffa ya ce akwai irinsu a wata tsohuwar adaka a ɗakin Gwaggo. Muka buɗe, gara ta riga mu, ta cinye rabi ta bar mana ƙasa. Abin da ya tsira mun ba kowanne lamba da fensir a kusurwa, mun sa a leda ɗai-ɗai, mun rubuta a rajista: lamba kaza, rasit ne, an same shi a adakar Gwaggo, yanzu yana hannun wane. Hotuna ma haka, a juya baya a rubuta su wane ne tun da sauran mai gane fuskokin. Wayar hannu tana da amfani, a ɗauki hoton komai, a naɗi murya. Sai dai duk wanda aka taɓa fizge wa waya a tashar mota, ko memorinsa ya ƙi buɗuwa, ya san iyakarta. Murya ɗari a waya babu mai suna, wannan kaset ɗina ne ya sake dawowa da sabuwar riga. Duk muryar da za a naɗa, mai naɗi ya fara faɗin rana da wuri da sunan mai magana da bakinsa kafin tsoho ya ce uffan. A yi kwafi uku na rajistar, ɗaya a Mamudo, ɗaya a Damaturu, ɗaya a Gombe, don gobara ba ta sallama.

Na san za a ce tone-tone yana tono abin da ba a so, a gano wata kaka baiwa ce ko wani kaka bai yi sallah ba, a ba 'yan gori abin faɗa. To a ajiye rajistar a adaka, ba dole sai an kafa ta a katanga ba, amma kada a rubuta ƙarya a cikinta.

Masu cewa wannan aikin marasa aikin yi ne kuwa, su je kotun shari'a ranar da ake rabon gadon gona su ga yadda 'yan'uwa ke rantsuwa a kan wa ya haifi wa. Su tambayi malamai auren nawa aka warware bayan an haihu, don wata tsohuwa ta tuno ta shayar da ango da amarya. Shayarwa tana haramta aure kamar yadda jini ke haramtawa, kuma ilimin wa ya sha nonon wa a ƙirjin mata kaɗai yake, matan nan da fostarmu ba ta ga sun isa a rubuta ba. Gwaggo ta shayar da 'ya'yan mutane aƙalla huɗu da na sani. Na sani ne don ta faɗa mini, ko don na ji a wani wuri? Ga shi nan dai, shafi na goma sha tara, babu suna.

Kada ma a kawo mini zancen takardun hukuma a ce sun wadatar. Mun san yadda ake yin takardar rantsuwar shekaru. Ku duba katin ɗan ƙasa na mutanen gidanku ku ƙirga nawa aka haifa ran 1 ga Janairu, kamar a duk shekara matan Arewa rana ɗaya suke naƙuda. Wannan ya rage shekara biyar don aikin gwamnati, wancan ya ƙara uku don ya shiga soja, an wayi gari wa da ƙane tsiransu wata huɗu a takarda. Sunan mahaifi ma haka: wani a makaranta aka laƙaba masa sunan garinsu, wani sunan wan da ya riƙe shi, 'yan ɗaki ɗaya su huɗu kowa da nasa. Nan da shekara hamsin jikokinmu za su ɗauki waɗannan katuna a matsayin hujja, tunda ga hatimi ga hoto. In babu wata rajista a gida da ta ce katin wane ƙarya yake, an haife shi da kaka, shekarar kaza, inji uwarsa, to ƙaryar ta zauna daram. Wanda kuma ya kai ga zuwa Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, ko Gidan Arewa, ya tafi da sanin cewa Turawa sun rubuta sunayenmu yadda kunnensu ya ba su. Garin nan kansa Potiskum ne a wata takarda, Pataskum a wata, mu kuma mu ce Fataskum. Ya kwafo yadda ya gani harafi da harafi, da lambar fayil, kada ya gyara musu.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa na kasa ɗaukar wannan magana da wasa a Mamudo musamman. Ranar addu'ar, da za mu koma gida da yamma mun bi ta gaban makarantar sakandaren gwamnati. Ba sai na tuna wa kowa harin da aka kai mata da asubahin Asabar 6 ga Yulin 2013 ba. Rahotannin farko suka ce an kashe ɗalibai 29 da malami ɗaya, daga baya aka ce mutum 42. Bayanta aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Gujba a Satumbar shekarar, aka yi Buni Yadi a Fabrairun 2014, aka yi makarantar kimiyya da fasaha ta Potiskum a Nuwamban 2014. Duk mun haddace lambobi. To mai karatu, tsakaninka da Allah, kawo sunan biyar daga cikin yaran Mamudo. Abin da ya faru jiya-jiya ke nan, a gaban idonmu, zamanin waya da kyamara. Yaran nan ba su yi aure ba, ba su bar baya ba, kuma irin bishiyar da muke bugawa a leda ba ta da reshe ga wanda bai haihu ba. A tamu fostar na duba, duk wanda ya rasu da ƙuruciya a gidanmu an share shi, har da ƙanena da muka tashi tare. Iyayen yaran nan suna tsufa. Ran da suka kau, in ba a rubuta a gida ba, da suna da ranar haihuwa da ajin da yake da wanda ya wanke shi da inda aka binne shi, to yaro ya koma ɗaya cikin 42, ita ma 42 ɗin ana gardama a kanta. Mutanen da suka kasa riƙe sunayen 'ya'yansu na shekara goma sha da suka wuce, su ne ke buga mini kakan Yaman da ruwan zinare. Wannan abin kunya ne, kuma da ni a ciki.

Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, ta rubuta rayuwarta daga bakinta. Baba ta rasu a 1951. Da an ce bari sai baɗi, shi ke nan. Ga mu da sashen tarihi a jami'ar jiha a Damaturu, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Potiskum, ɗalibai na neman abin da za su rubuta a kundin kammala karatu suna kwafar na juna. Malamansu su tura kowane ɗaya gidansu da rajista mana, a ba shi maki a kan isnadinsa.

Yaron dai ya naɗe fostarsa, ya ce kuɗinsa sun tafi a banza. Na ce ya ajiye, mu ba ta lamba ita ma, mu rubuta wanda ya haɗa ta da shekarar da aka buga da inda ya samo sunayen, ko da amsar ita ce an ce. Gwaggo tana da ƙanwa guda da ta rage, tana aure a wani ƙauye ta wajen Nangere, kunnenta ɗaya ya toshe amma kanta garau. Ranar Juma'a bayan masallaci za mu je, ni da shi da yarinyar nan da ta nemi sunan kakarta, ita za ta riƙe biro, don akwai abin da tsohuwa ba za ta faɗa wa namiji ba.

'Yan'uwa na Gombe da suka riga suka fara kirana suna cewa na tozarta gida, ina jiran gyaranku, kuma zan karɓa hannu bibbiyu. Sai dai duk wanda zai aiko mini da sunan kaka, ya haɗo da sunan wanda ya faɗa masa, da inda suka zauna, da shekarar. In babu, ya riƙe abinsa.